Kwale-kwalen Talle da Baƙin Mai

Tunda kun zo kun tsaya mini a kai da wayoyinku, kowa na nuna mini Bature yana shafa gam a jikin jirgi cikin minti uku, to ku nemi wuri ku zauna. Ban da kan wannan katakon, jiya na goge shi. Abin da wayar ba ta nuna muku shi ne ranar da gam ɗin ya ƙi kamawa. Ni na ga wannan ranar da idona, a kan kwale-kwalen wani bawan Allah da bai yi mini laifin komai ba.

Na san abin da ke ranku. Wai me ya haɗa kafintan Daura da jirgin ruwa, garin da sai an sha haƙa kafin rijiya ta kawo ruwa. Haka kowa ke tambaya, har na gaji da amsawa. Akwai dam a wajen Dutsi, akwai wani ta hanyar Mai'adua, kuma akwai masunta a bakinsu da kifi ne abincinsu. Ba su da yawa, amma kowannensu yana buƙatar abin hawa. Maigidana Baba Ilu, Allah ya jiƙansa, shi ya fara haɗa musu. Ya yi zama a bakin Kwara yana saurayi, can ya koyo. Shekara tara na yi a hannunsa. Biyun farko ko zarto ban taɓa ba, miƙe tsofaffin ƙusoshi kawai nake yi a kan dutse, in kuma dafa kwalta a rabin duro har idona ya yi ja.

Aikinsa ƙusa ne da auduga da kwalta. A jera katakon maɗaci, a kafa shi da ƙusa a jikin haƙarƙarin jirgi, a cusa auduga a tsakani da bakin cizal, a zuba kwalta mai zafi, inda ya yi faɗi a rufe da langa-langa. Jirgi irin wannan yana yoyo tun ranar farko, kuma ba wanda ke jin haushi. Kowane masunci yana da ƙoƙo a ƙarƙashin mazauninsa, ya yi tuƙi kaɗan, ya kwashe ruwa kaɗan. Duk shekara a dawo mana da shi a sabunta kwalta. Da haka na ci abinci shekara ashirin da wani abu bayan rasuwar Baba Ilu. In babu aikin jirgi, in yi ƙofa da gado da rufin ɗaki.

Kwale-kwalen Talle shi ne na farko da na haɗa da efoksi, wato gam ɗin nan da kuke nuna mini, kuma a Kano na ɗauko wa kaina. Na je sayen kayan ƙofa, sai na bi ta rumfar wani mai gyaran tankunan ruwa, sunansa Sale. Yana da wani ɗan akwatin katako a gaban rumfa cike da ruwa, ba ƙusa ko ɗaya a jikinsa, kuma ƙasan wurin a bushe. Sau uku na zagaya shi. Sale ya nuna mini galan biyu, babba mai farin ruwa mai kauri, ƙarami mai ja-ja kamar zuma. Ya ce awo biyu na babban, awo ɗaya na ƙaramin, a gauraya a shafa, in ya daskare ya fi katakon ƙarfi. Ya ci gaba da bayani, wai akwai sharuɗɗa. Ni kuwa kallonsa kawai nake yi, yaro ne da na haifi kamarsa, wai shi zai koya mini haɗa katako. Na ce masa na gane, na ɗauko kayana na fito. Irin wannan "na gane" ɗin da kuke ce mini tun ɗazu.

Talle masunci ne a dam ɗin wajen Dutsi. Ya haura hamsin, mai iyali ne, kuma ba shi da yawan magana. Tsohon jirginsa ya ruɓe har ba inda ƙusa za ta kama. Bayan kaka ya sayar da sa guda ɗaya da yake huɗa da shi, ya sayo katakon maɗaci mai kyau, ya kawo mini tun da sanyi. A lokacin ina kan rufin wani gida a Zango, na ce masa sai bazara. To kun san garar garin nan. Katako ya kwana uku a ƙasa, kana ɗagawa za ka ga ta fara gini. Saboda haka na yi abin da kowane kafinta a ƙasar Daura yake yi, abin da Baba Ilu ya koya mini, abin da na yi wa katakon rufi sau ba adadi. Na karɓo baƙin mai a wurin bakanike, na sa tsumma na shafe katakon Talle ciki da bai, har bakin yanka sai da na tsoma. A ganina alheri na yi masa. Kwalta ba ta faɗa da baƙin mai, danginsu ɗaya, don haka ban ma sa abin a raina ba.

Da bazara ta zo Talle ya leƙo, na nuna masa galan biyun.

"Malam Hadi, ni fa kwalta na sani," in ji shi.

"Kwalta ta yi zamaninta, Malam Talle. Wannan in na gama, ko ƙoƙo ba za ka riƙa ɗauka ba."

"Jirgi ba ƙoƙo?"

"Ka bar shi a gida a sha fura da shi."

Ya dubi galan ɗin. Daga nan ya ce, "To, kai ne mai sana'a." Ya tafi.

Haɗin farko da rana tsaka na yi shi, a watan da ko ƙadangare inuwa yake nema. Na ce bari in haɗa da yawa in huta, na juye kusan rabin galan a robar fenti. Ina cikin shafa layin farko sai na ji robar ta ɗau zafi a hannuna. Kafin in kai ƙarshen katako ta fara hayaƙi, gindinta ya narke, gam ɗin ya dunƙule da burushin a tsaye a ciki. Mai shayin da ke gefena har ya ɗauko bokiti, ya zaci gobara ce. Ɗaya daga cikin abin da ban tsaya na ji ba ke nan. Efoksi da kansa yake haifar da zafi, in ya taru wuri ɗaya a rana irin tamu, ba ya kai minti goma.

Kashegari kuma na yi wata dabarar. Na saba ganin masu gyaran jikin mota suna ƙara maganin busarwa a kwaɓinsu in suna sauri, sai na ƙara na ƙaramin galan, wai ya kama da wuri. Kwana huɗu yana danƙo. Ƙuda, garin katako, gashin akuya, ba abin da bai manne a jiki ba. Efoksi ba miya ba ce da za ka ƙara gishiri yadda bakinka ya so. In awo bai daidaita ba, ko shekara zai yi ba zai daskare ba. Na kankare shi tas da cizal ina tsaki, na sake. Waɗannan kurakuran biyu ba sa damuna yanzu, don a rumfa suka nuna kansu, kuma ni kaɗai suka wahalar.

Jirgin ya fito da kyau, wannan kam ba zan ɓoye ba. Saboda na yarda da gam ɗin, ƙusa kaɗan na sa, auduga kuwa ko ƙwaya. Yana sheƙi, mutane na tsayawa da babur suna shafawa. Damina na kankama muka ɗora shi a mota aka kai dam. Kwana goma Talle na kamun kifi cikin jirgi a bushe, masunta na zuwa kallo. Uku daga cikinsu suka aiko in yi musu irinsa. Ni kuma ina nan a rumfa ina washe baki, ina ba mutane labarin zamani.

Rana ta sha ɗaya da hantsi, yana tsakiyar ruwa yana jan kalli, doguwar ragar nan da ake shimfiɗawa a ruwa, ya taka haɗin ƙasa da ƙarfi. Haɗin ya buɗe tun daga goshin jirgi har tsakiya. Ba ƙoƙo, ni na ce ya bar shi a gida, ko da yake ko bokiti ne ba abin da zai yi. Allah ya sa bai bar goransa ba, babban goran nan da masunta ke hawa su yi iyo a kai. Shi ya rungume har 'yan'uwansa suka iso. Kallin ya tafi ƙasa da kifin da ke ciki.

Da la'asar aka sauke mini jirgin a ƙofar rumfa, lokacin da titi ya fi cika. Talle bai ɗaga murya ba. Ya sa farce a gefen haɗin ya ja, efoksin ya taso dogo kamar ɓawon dafaffen rogo, katakon da ke ƙasa sumul kamar ba a taɓa shafa masa komai ba. Ya ɗora shi a kan teburina.

"Ga abinka," ya ce.

"Malam Talle, wallahi yadda aka ce in auna haka na auna."

"Ban tambaye ka awo ba. Sa guda gare ni, shi na sayar."

Na ji kunyar da ban taɓa ji ba tun da na fara riƙe guduma.

Shekarar nan ba ta yi mini daɗi ba. Mutum ukun nan suka janye, masu kawo sabunta kwalta ma suka koma yi da kansu a bakin ruwa. Har mai son ƙofa sai ya tambaye ni, da ƙusa za ka yi ko da wancan abin? Amma ni ina da rufi da gado, ban kwana da yunwa ba. Talle ne ya ga shekara. An yi ruwa sosai, dam ya cika, kifi ya yi yawa har daga Mai'adua ana zuwa sari, shi kuma ba jirgi ba kalli. Ya koma hawa gora da aron 'yar raga, rub da ciki a ruwa tun safe har azahar, aikin da ya bari tun yana saurayi. Wani ɗan garinsu ya gaya mini tari ya kama shi, yana yi yana shiga ruwan. Duk kwanan da jirgin ya ƙara a rumfata, mutumin nan cikin ruwa zai yi shi har ƙirji.

Na naɗe ɓawon efoksin a leda, na yanki guntun katakon, na koma Kano. A hanya ina shirya faɗan da zan yi wa Sale, don na gama yarda jabu ya sayar mini. Ya karɓi guntun, bai ma dube shi ba, hanci ya kai.

"Baba, me ka shafa wa katakon nan?"

"Ba komai. Baƙin mai ne kawai, saboda gara."

Ya dafe kai. "Ai shi ne abin da nake cikin faɗa maka ka ce ka gane."

Ya tsoma yatsa a buta ya ɗiga ruwa a kan guntun. Ɗigon ya tsaya a dunƙule yana rawa. Ya ɗiga a wani katako mai tsabta, nan take ya baje ya shige. Ya ce efoksi sai ya shiga cikin katako yake kamawa, inda ruwa bai shiga ba shi ma ba zai shiga ba. Mai, kwalta, tsohon fenti, har maiƙon hannun wanda ya ci ƙosai, duk suna hana shi. Wannan karon na nemi wuri na zauna na saurare shi har ya gama, na kuma sa ya maimaita. Shekara talatin da wani abu ina sana'a, ɗigon ruwan buta ya kunyata ni a gaban mutane.

Gyaran ya fi haɗawar wuya nesa ba kusa ba, kuma shi ne ba a sa muku a waya. Na wargaza jirgin katako-katako. Kowanne in fiƙe shi, in ɗiga ruwa, in ya dunƙule in sake fiƙewa, har sai ya sha. Na gefe sun zo da sauƙi, man bai wuce sama-sama ba. Bakin yanka da na tsoma kuwa sai da na datse taƙi guda-guda, don ta nan mai ke bin jijiyar itace ya yi nisa. Jirgin ya rage tsawo kaɗan. Matsalar ita ce biyun ƙasa. Su na fi jiƙawa, don su ne ke kan ƙasa lokacin ajiya, sun sha har ciki. Na yi ta fiƙa har suka kusa zama faifai, ruwa na nan a dunƙule. Ba su da sauran amfani.

Na zagaya 'yan katako, duk maɗacin da ke kasuwa ɗanye ne, ga damina, kuma Sale ya ja mini kunne cewa efoksi ba ya son katako mai ruwa a ciki. In na ce in jira ya bushe, sai bayan kaka. Busasshen maɗaci mai kauri da tsawo da hannuna zai kai gare shi guda ne, teburin aikin Baba Ilu da ya bar mini, wanda na koyi ja layi a kansa. Bai taɓa ganin baƙin mai ba, don ƙafafunsa a kan dutse suke. Kwana biyu ina zagaya shi ina neman wata hanya. Rana ta uku na ɗauko zarto. Wannan tebur na banza da kuke gani yana rawa, shi ya maye gurbinsa.

Sauran aikin haƙuri ne kawai, abin da ba ku da shi. Gwangwanin tumatir biyu na ware, kowane galan da nasa, ba a musanya. Ina dawowa daga sallar asuba nake haɗawa, kafin rana ta ɗaga, kaɗan-kaɗan a faranti mai faɗi don kada ya tara zafi. In goge bakin katako da samfefa mai kaushi, in share ƙura, in fara shafa tsinkakke ya sha. Sannan in kwaɓa wani da garin katako mai tsabta ya yi kauri, in cika haɗin. Ba a matse shi da ƙarfi yadda muke yi wa farin gam. In ka matse ka tatse shi waje, haɗin ya zauna ba komai a ciki. Bayan ya kama, a bi layin da ƙyallen faiba, wani farin saƙa na zaren gilashi, ciki da waje. In ya kwana, wani maiƙo-maiƙo yakan taso a kai, sai an wanke da ruwa an goge kafin a ƙara wani, in ba haka ba na saman ya ɓare. Duk kwaɓin da na yi, sai na manna guntaye biyu da ragowarsa, bayan kwana uku in sa musu guduma. In katakon ne ya yage, na yarda. In gam ɗin ne ya rabu sumul, in kankare aikin ranar gaba ɗaya. Sau biyu hakan ta faru. Na kuma mayar da ƙusa a haƙarƙari yadda Baba Ilu ke yi, don na daina dogara da abu ɗaya. Sati bakwai na yi.

Ni na kai jirgin dam da kaina. Damina ta ja baya, an fara yankan gero, ruwa ya soma sauka. Talle na zaune a bakin ruwa kusa da goransa, ya rame, yana tari. Na yi sallama ya amsa, ya dubi jirgin, bai tashi ba. Na yi ta bayani, na ɗauko guntayen da na fasa da guduma ina nunawa. Masunta suka taru. Sai dattijonsu, wanda suke kira Sarkin Ruwa, ya yi gyaran murya.

"Kafinta, mu a nan jirgin da ya taɓa zubar da mutum, wanda ya gyara shi ne ke fara shiga. Haka muka tarar."

"Ranka ya daɗe, ni ban iya ruwa ba."

"Ba ka taɓa shiga ba?"

"Ko sau ɗaya."

Gaskiya na faɗa. Jiragen da na haɗa ban san yawansu ba, amma iyakata bakin ruwa, a ce mini sannu da aiki in koma gida. Wani ya yi dariya, Sarkin Ruwa ya harare shi.

"Ba dole," in ji shi. "In ba ka shiga, ka koma da abinka."

Na dubi Talle, na dubi goran da ke gefensa. Na cire takalmi da hula na miƙa wa direban motar da ta kawo mu, na shiga da rarrafe, na zauna a tsakiya na riƙe gefe biyu. Tsoro nake ji sosai, kuma kowa ya gani. Talle ya miƙe a hankali, ya ɗauki filafilin tuƙi, ya karɓi wani tsohon kalli a hannun ƙaninsa, ya tura jirgin ya hau.

Ya yi ta tuƙi har muka yi nisan da mutanen bakin ruwa suka koma ƙanana. Sannan ya ajiye filafilin.

"Nan ne," ya ce. "Kallina na ƙasa."

Ya miƙe tsaye. Jirgin ya karkata, na fara salati da ƙarfi. Ya ɗaga ƙafa ya doka diddige a kan haɗin ƙasa, daidai inda ya buɗe a da. Ya sake, ya sake, yana tahowa tun daga goshi har inda nake, jirgin na rawa, ni ina roƙonsa don girman Allah ya zauna. Da ya iso gabana ya tsaya yana haki, tari ya sarƙe shi.

"Sa hannu," ya ce.

Da ƙyar na saki gefe ɗaya, na bi haɗin da tafin hannu iyakar inda na kai. Ban da jiƙar sawun ƙafafunmu, ba ɗigo ko ɗaya. Ya durƙusa ya bi da nasa hannun tun daga farko har ƙarshe, sau biyu. Na ce to alhamdulillahi, sai mu koma. Ko kallona bai yi ba. Ya zauna, ya jawo kallin aro ya fara warwarewa, ya miƙo mini bakin igiyar.

"Riƙe nan, Malam Hadi. Kifin damina ya wuce ni. Na yau ba zai wuce ni ba don kana jin tsoro."